Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnati Kan Guraben Masu Buƙata Ta Musamman

Zuwa ga shugabanni da kwamishinonin hukumomin da aka ɗora wa alhakin ɗaukar ma'aikatan gwamnati,

Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da muƙamanku, na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne saboda maganar da ke tafe da ni ta shafi mutane masu yawan gaske a ƙasashe daban-daban. Ni makaho ne, na yi karatu har na kammala jami'a, kuma ina cikin masu kasa kunne duk lokacin da aka ce gwamnati za ta ɗebi ma'aikata. A ƙarshen irin wannan sanarwa akan sa wani layi da mun riga mun haddace shi, wanda ke cewa ana ƙarfafa wa masu buƙata ta musamman gwiwa su nema. Abin da nake roƙon ku duba da idon basira shi ne tazarar da ke tsakanin wancan layi da takardar kama aiki, domin a cikinta ake zubar da mafi yawanmu tun kafin wani ya auna abin da muka sani ko abin da muka iya.

Ban zo neman sabuwar doka ba, domin a ƙasashe da dama dokar tana nan a rubuce. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Naƙasassu ranar 13 ga Disambar 2006, ta fara aiki a watan Mayun 2008, kuma ƙasashe fiye da 180 sun ɗaure kansu da ita. Sashe na 27 na yarjejeniyar ya kira aikin gwamnati da sunansa, ya wajabta wa ƙasashe su ɗauki naƙasassu a ma'aikatunsu, su kuma tabbatar an yi musu gyare-gyaren da suka dace a wurin aiki. Sashe na 2 ya ƙara da cewa ƙin yin irin wannan gyara shi kansa wariya ne, ko da babu jami'in da ya buɗe baki ya ce ba ya son naƙasasshe. A kan wannan ƙasashe suka ɗora nasu dokokin. Najeriya tana da dokar 2018 da ta haramta nuna wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan hukumomin gwamnati. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ambaci kashi 5 a muƙaman zaɓe da na naɗi. Indiya ta fara da kashi 3 a dokar 1995, ta ɗaga zuwa kashi 4 a dokar 2016. Faransa tana kan kashi 6 tun 1987, Jamus kuma kashi 5 ga duk ma'aikatar da ke da gurbi 20 ko fiye. Idan aka jera waɗannan alƙaluma kusa da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, wanda ya ce mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri, za a ga cewa ko an cire yara da tsofaffi daga lissafin, kason da aka ware bai kai a kira shi alfarma ba.

Sai dai kaso a takarda ba ya ɗaukar kowa aiki. Dokar Najeriya, alal misali, ta ce a cika kashi 5 ɗin gwargwadon iko, kuma duk wanda ya san aikin ofis ya san abin da jami'i zai iya yi da irin wannan sassauci idan babu mai tuhumarsa. Birtaniya ta taɓa kafa kason kashi 3 a dokar 1944, aka shafe shekara 50 ana saɓa shi ba tare da an gurfanar da kowa ba sai 'yan ƙalilan, har aka soke shi bayan dokar 1995 aka koma ga hana wariya kai tsaye. Jamus da Faransa sun bi wata hanyar, inda ma'aikatar da ta kasa cika kasonta take biyan kuɗi, kuɗin kuma su tafi wajen sayen kayan aiki da gyaran ofisoshi domin naƙasassun da aka ɗauka. Faransa ma, da dokar 2005, ta kafa asusu na musamman da ma'aikatun gwamnati ke zuba irin wannan kuɗi, don kada gwamnati ta ci tarar kamfanoni ita kuma ta wanke hannunta. Ana iya samun saɓani kan wace hanya ta fi, amma ban ga yadda za a kare kason da babu mai ƙirga shi, babu kuma abin da zai sami wanda ya yi watsi da shi ba.

Maganar ƙirga ce ta sa nake son ku tsaya a kan abin da ya faru a Japan, ƙasar da babu mai zarginta da rashin tsari. A watan Agustan 2018 gwamnatin ƙasar ta fito ta amsa cewa hukumominta 27 cikin 33 sun kumbura adadin naƙasassun da ke musu aiki da mutum kusan 3,460. An daɗe ana sanar da jama'a cewa kason ya kai kashi 2.49, sama da kashi 2.3 da doka ta shimfiɗa a 2017, amma da aka sake ƙirgawa da gaskiya sai ya faɗo zuwa kashi 1.19. Binciken da ya biyo baya ya gano an lissafa masu raunin gani da tabarau ke gyara musu, har da mutanen da tuni suka bar aiki. Wannan kuwa gwamnati ce da ke karɓar kuɗi daga kamfanonin da suka gaza cika nasu kason. Kowane suna na bogi a wancan jerin kujera ce da ya kamata wani makaho ko kurma ko gurgu ya zauna a kanta, ya yi shekaru yana karɓar albashi yana tara fansho. Abin yabo shi ne sun amsa laifinsu, suka kuma shirya jarrabawa ta musamman a 2019 domin cike giɓin. Tambayar da nake yi muku ita ce, idan aka buɗe kundin hukumarku yau aka yi irin wannan ƙirga, wane adadi ne zai fito, kuma akwai ma kundin da za a buɗe ɗin?

Bari in bi da ku hanyar da mai nema ke bi. Yawancin ɗaukar ma'aikata yanzu ta intanet ake yi, kuma wannan ya kamata ya zama sauƙi a gare mu, tunda makaho yana aiki da kwamfuta ta hanyar manhaja mai karanta masa abin da ke kan allo da murya. Akwai irinta ta kuɗi kamar JAWS, akwai kuma NVDA da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar tun 2006, wadda kowa zai iya saukewa kyauta. Amma manhajar rubutu take karantawa, ba ta ganin hoto. Idan kuka buga sanarwa a takarda, aka sa mata hannu da hatimi, sannan aka ɗauki hotonta aka ɗora a shafi, abin da nake ji a kunnena shi ne kalma ɗaya tak, wato hoto. Na taɓa zama a gaban shafin wata hukuma da dare, na cike gurbin suna da na makaranta da na sakamako, ina tafiya da maɓallin tsallake daga gida zuwa gida, sai na iso inda ake nuna haruffa karkatattu a ce mutum ya kwafa don tabbatar da cewa shi ba na'ura ba ne. Babu zaɓin sauraro. Ƙanwata ta yi barci, na tashe ta ta karanta mini, kafin ta gama murza ido shafin ya ce lokaci ya ƙare, duk abin da na rubuta ya goge. Hanyoyin kauce wa wannan sanannu ne, domin akwai ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet da ake kira WCAG waɗanda masu gina shafi suka sani, abin da ya rage shi ne ku rubuta su cikin kwangilar da kuke ba su, ku kuma sa makaho na gaske ya gwada shafin kafin a buɗe shi.

A cikin fom ɗin kuma akwai ƙa'idar shekaru, wadda ke kawar da mutane shiru ba tare da an lura ba. Yaron da aka haifa kurma ko makaho sau da yawa ba ya shiga aji ɗaya da sa'o'insa, saboda makarantar da za ta karɓe shi tana nesa, ko iyayensa sun yi shekaru suna neman magani kafin su haƙura su kai shi karatu. Wanda haɗari ya same shi yana tsakar karatu yakan rasa shekaru a kan gadon asibiti. Irin wannan mutum yana karɓar takardar digiri ne dab da lokacin da ƙa'idarku za ta ce ya tsufa. Indiya ta gane haka, shi ya sa a jarrabawar shiga manyan ma'aikatanta take ƙara wa masu naƙasa shekara 10 a kan iyakar da aka sa wa sauran.

Jarrabawa ita ce wurin da na fi so ku daɗe kuna tunani, domin ita ce kuke alfahari da ita a matsayin ma'aunin cancanta. Ni ma ina son cancanta, kuma ba na neman a rage mini maki ko a sauƙaƙa mini tambaya. Amma ma'auni sai an tabbatar abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa. Idan an zaunar da makaho a gaban kwamfutar da ba ta da manhajar murya, aka ba shi minti 60 daidai da mai gani, sakamakon da zai fito ba ya faɗin komai game da iliminsa na tsarin mulki ko lissafi, ya dai tabbatar da abin da kowa ya sani tun farko, cewa ba ya gani. Idan an haɗa shi da mai karanta masa, sau da yawa wani ne aka tsinto a harabar wurin da safiyar ranar, wanda ba ya iya furta kalmomin fannin, yana karanta tambaya yana tuntuɓe, kai kuma kana ƙoƙarin riƙe zaɓi huɗu a ka yayin da agogo ke tafiya. Tambayar da ke ɗauke da zane ko jadawali kuwa sai dai ka yi canki-canki. Kurma yakan zauna yana kallon bakin mai sa ido yana bayanin wani gyara da aka yi wa tambaya, babu mai fassara masa da maganar hannu, babu wanda ya rubuta gyaran a allo. Zabiya mai raunin gani yana buƙatar manyan haruffa da kujerar da hasken taga ba ya dukan idonsa, abubuwan da ba sa cin ko sisin kwabo.

Na kuma san wata baiwar Allah mai amfani da keken guragu da ta isa wurin jarrabawa da wuri, ta tarar zauren yana hawa na biyu, lifta kuma ba ta aiki. Samari huɗu cikin masu neman aikin suka ɗauke ta da kekenta, suna hawa matattakala suna tsayawa suna gyara riƙo, ita kuma ta damƙe ƙarfen keken tana sauraron mutane a ƙasa suna cewa Allah sarki. Ta shiga zaure jikinta na rawa, kuma ta sani ba za ta iya zagayawa bayan gida ba sai an tashi an sake sauko da ita. Tun daren da ya gabaci ranar ta daina shan ruwa saboda tsoron haka. A cikin wannan hali ta rubuta jarrabawar da za a jera makinta da na wanda ya tako da ƙafarsa hankali kwance, sannan a ce an yi adalci tunda tambaya iri ɗaya aka yi wa kowa.

Maganin waɗannan ba ƙirƙira ake jira a yi ba. Ƙa'idojin gwamnatin Indiya sun tanadi ƙarin aƙalla minti 20 a kan kowace awa ga wanda ke amfani da mai rubuta masa. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Vikash Kumar da hukumar shirya jarrabawar ma'aikata, ta yanke cewa mai lalurar da ke hana hannunsa rubutu yana da haƙƙin a ba shi marubuci ko da naƙasarsa ba ta kai ma'aunin kashi 40 da aka saba amfani da shi ba. Abin da ake buƙata daga gare ku shi ne tambaya ɗaya a cikin fom, wato wane tanadi kake buƙata ranar jarrabawa, da kuma jami'i mai suna da lambar waya wanda aikinsa ne ya karanta amsoshin ya shirya kafin ranar. Na ce mai suna ne da gangan, saboda abin da aka bar wa kowa a ofis, a ƙarshe babu mai yin sa.

Ganawar baki da baki ba zan daɗe a kanta ba, domin duk wanda ya zauna a kwamitin tantancewa ya san yadda take kasancewa. Ana tambayar sauran abin da suka karanta, mu kuma ana tambayarmu wa zai riƙa kawo mu ofis, ko ta yaya muke sa tufafi. Dokar Jamus ta tilasta wa ma'aikatun gwamnati su gayyaci mai naƙasa mai tsanani zuwa ganawa matuƙar ba a fili take cewa ba shi da ƙwarewar aikin ba, kuma wannan tanadi ne mai kyau, amma gayyatar ba ta da amfani idan 'yan kwamitin ba su sami horon abin da ya halatta su tambaya ba.

Shingen da ya fi ciwo shi ne na ƙarshe, wato takardar shaidar lafiya. Mutum ya tsallake fom, ya ci jarrabawa, ya burge kwamiti, sai a tura shi wurin likita da takarda mai gurbi biyu, ya dace ko bai dace ba. Likitan bai ga bayanin aikin da za a ba mutumin ba, bai san akwai manhajar murya ba, abin da ke gabansa shi ne ido ba ya gani ko ƙafa ba ta takawa, sai ya sa alƙalami a gurbi na biyu. Da yawa cikin waɗannan ƙa'idoji an gaje su ne daga zamanin da ake ɗaukar ma'aikacin gwamnati tamkar soja, kuma babu wanda ya sake duba su. Labarin Ira Singhal a Indiya ya isa misali. Ta ci jarrabawar manyan ma'aikata a 2010, aka hana ta gurbi a hukumar haraji saboda lalurar ƙashin baya da ta rage mata motsin hannu, ta kai ƙara kotun ma'aikata, aka shafe shekaru kafin ta yi nasara a 2014. A jarrabawar wannan shekarar ta sake zama, kuma da sakamako ya fito a 2015 ita ce ta zo ta ɗaya a duk faɗin ƙasar. Matar da aka ce jikinta bai dace da aikin ofis ba ita ce ta fi kowa maki, kuma da ba ta da ƙarfin hali da halin zuwa kotu, da babu wanda zai taɓa jin sunanta. Tambayar da ya kamata a yi wa likita ita ce ko wannan mutum zai iya muhimman ayyukan wannan kujera idan an ba shi kayan da suka dace, kuma bai kamata ya amsa ta shi kaɗai ba tare da wanda ya san aikin ba. Babu mai cewa a ɗauki makaho tuƙin motar asibiti. Amma lauyan gwamnati, da malamin makaranta, da mai fassara, da jami'in tsare-tsare, da mai binciken kuɗi, ayyuka ne da makafi da kurame da guragu ke yi a ƙasashe da yawa. David Blunkett, wanda aka haifa makaho, ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Birtaniya daga 1997 zuwa 2001, sannan ya riƙe ta harkokin cikin gida har 2004.

Na san abin da akan ce idan an zo nan, cewa babu kuɗi. Wata cibiya a Amurka mai suna Job Accommodation Network ta daɗe tana tambayar masu ɗaukar ma'aikata abin da suka kashe wajen irin waɗannan gyare-gyare, kuma abin da take samu shi ne kusan rabinsu ba su ci ko kwabo ba. Sauya wa mutum ofis daga bene zuwa ƙasa, ko aika masa takarda ta imel maimakon a miƙa masa bugagga, ko barinsa ya sauya lokacin shigowa saboda ganin likita, duk shawara ce kawai ta shugaba. Waɗanda ke cin kuɗi, kamar mai fassarar maganar hannu ko na'urar rubutun makafi, matsalarsu ita ce daga aljihun wa za su fito. Muddin daga kasafin sashen da ya ɗauki mutumin ne, kowane darakta zai riƙa kallon naƙasasshe a matsayin ɗawainiya, ya yi ta addu'ar a tura shi wani sashen. Idan kuwa akwai asusu guda a tsakiya da ke biya, kamar yadda shirin Access to Work ke yi a Birtaniya tun 1994, wannan fargaba ta kau.

Akwai wata magana da ba ta da daɗin faɗa, amma wasiƙar ba za ta cika ba idan na tsallake ta. A inda ake ware gurabe ba tare da tsari a fili ba, guraben sukan zama abin rabo. Akan kira shugabannin wata ƙungiya a ce su kawo sunaye, su kuma su kawo na kusa da su, ko wani mai uwa a gindin murhu ya samo takardar asibiti ta naƙasar da ba shi da ita ya shige da ita. Mu ma a cikinmu akwai masu cin moriyar wannan duhu, kuma ba na kare su. Hanyar toshe ta ita ce a tallata guraben kamar kowane gurbi, a yi gasa a kansu tsakanin waɗanda suka cancanta, a tantance shaidar naƙasa ta hanya ɗaya da kowa ya sani, sannan gurbin da ba a cike ba a ɗaga shi zuwa zagaye na gaba kamar yadda dokar Indiya ta tanada, kada a mayar da shi cikin na kowa da kowa da hujjar wai ba a sami mai nema ba. A kuma lura da waɗanda ake ɗauka ɗin. Abu ne mai sauƙi a cika kaso da masu ɗingishi kaɗan waɗanda ba sa buƙatar a gyara komai, a bar kurame da makafi da masu lalurar ƙwaƙwalwa a waje, mata kuma su zama 'yan tsiraru a cikin 'yan tsiraru. Amurka ta lura da wannan, shi ya sa ƙa'idar da hukumarta ta daidaito a wurin aiki ta fitar a 2017 ta sa wa ma'aikatun tarayya buri biyu, kashi 12 na masu naƙasa gaba ɗaya, da kashi 2 na masu naƙasa mai tsanani.

Takardar kama aiki ma ba ita ce ƙarshen hanya ba. Na san abokan karatu da aka ɗauka, aka yi hoto da su, aka ba su tebur a lungu, daga nan babu wanda ya sake miƙo musu fayil. Suna zuwa da safe su sa hannu, su zauna har a tashi, albashi yana shiga, amma ba a tura su kwas, ba a sa su a kwamiti, kuma idan lokacin jarrabawar ƙarin girma ya zo sai su tarar da shingayen da suka tsallake a farko suna jiransu. Wani babba ya taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu, cikin abin da shi yake gani tausayi ne, ya yi zamansa a gida za a riƙa tura masa albashinsa. Mutumin ya ƙi, domin ya ce bai kwana yana karatu don a mayar da shi mai karɓar sadaka da katin ma'aikaci ba. Irin wannan tausayi asara ce biyu, gwamnati tana biyan ƙwarewar da ba ta amfani da ita, sannan sauran ma'aikata suna kallo suna ƙara gaskata cewa naƙasasshe ba ya aiki.

Kada kuma ku manta da waɗanda ke cikin ofisoshinku yanzu da lafiyarsu, domin yawancin naƙasa daga baya take zuwa, ta hanyar haɗarin mota ko ciwon suga ko hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki. Ma'aikacin da ya ba gwamnati shekara 20 sannan idonsa ya rufe, a wurare da yawa takardar ritaya ake miƙa masa. Dokar Indiya ta hana a sallami ma'aikacin gwamnati ko a rage masa muƙami saboda naƙasar da ta same shi yana bakin aiki. Ta ce a mayar da shi wata kujera da albashinsa yadda yake, idan babu kuma a ƙirƙiri gurbi a riƙe shi har a samu ko ya kai shekarun ritaya. Duk tsarin da kuka gina domin mu, su ma zai riƙe su, kuma babu ɗayanku da ke da tabbacin ba zai buƙace shi ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, buƙatata ta farko kafin duk sauran ita ce ku ƙirga, ku kuma buga abin da kuka ƙirga. Sashe na 31 na yarjejeniyar da ƙasashenku suka sa wa hannu ya riga ya ɗora muku tattara irin waɗannan alƙaluma. Bayan kowane zagaye na ɗaukar ma'aikata, ku sanar da jama'a masu naƙasa nawa suka cike fom, nawa aka kira jarrabawa, nawa suka nemi tanadi na musamman kuma nawa aka yi wa, nawa suka isa ganawa, nawa likita ya mayar, nawa suka kama aiki kuma a wane mataki na albashi, a rarrabe bisa nau'in naƙasa da jinsi, ba tare da bayyana sunan kowa ba. Daga waɗannan lambobi za ku ga da idonku a wane mataki ake zubar da mutane, mu ma mu daina dogaro da jita-jita. Ina kuma roƙon kafin ku fitar da sanarwa ta gaba ku zauna da makafi da kurame da guragu da zabiya waɗanda suka taɓa zama jarrabawarku, ku miƙa musu fom ɗin da shafin da takardar likitan da jerin zaurukan da kuka zaɓa, ku ba su mako biyu su dawo muku da abin da suka gani.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku cikin girmamawa,
Wani makaho mai neman aikin gwamnati